Shan giyar inabi na raguwa, masu ziyartar gonakinta na ƙaruwa: me ke faruwa?

Me zai sa mutum ya biya kuɗin jirgi da na masauki, ya tafi wani ƙauye a Faransa ko Kalifoniya, a zuba masa abin da bai kai rubu'in kofi ba, ya shinshina, ya kurɓa, sannan ya tofar a bokiti? Masu ganin hotunan a intanet sun rabu biyu. Wasu na ɗauka taron mashaya ne aka sa wa riga mai tsada. Wasu kuma na ɗauka shan iska ne kawai a gona. Kowannensu ya kama wani abu, amma bakin zaren na wani wuri dabam.

Lamarin ya fi ɗaure kai idan aka haɗa shi da labaran da ke fitowa daga wannan sana'a. Hukumar ƙasa da ƙasa mai lura da harkar inabi, wato OIV, ta ce a 2024 duniya ta sha kimanin lita biliyan 21.4 na giyar inabi, kuma rabon da a ga adadin ya yi ƙasa haka tun 1961. A 2023 gwamnatin Faransa ta ware yuro miliyan 200 don a mayar da giyar da ta yi kwantai barasar masana'antu, irin wadda ake sawa a turare da ruwan wanke hannu. Da shekara ta zagayo sai ta fito da wani shirin na biyan manomi yuro 4,000 a kan kowace hekta idan ya yarda ya tuge inabinsa. A daidai wannan lokaci hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 12 ne suka ziyarci gonaki da rumbunan giya a 2023, alhali a 2016 miliyan 10 ne. Kwalba ba ta tafiya, amma ƙofa cike take da baƙi. Na farkon ne ya haifi na biyun, kuma haka abin yake tun asali.

Wane irin yawo ne wannan?

Itacen inabin da ake yin giya da shi yana son wurin da ke da hunturu na gaske, da rani mai zafi amma ba mai ƙuna ba. Shi ya sa yawancin gonakin suke tsakanin digiri 30 zuwa 50 a arewa da kudancin layin da ya raba duniya biyu. Italiya da Faransa da Sifaniya su kaɗai ke samar da kusan rabin abin da duniya ke yi, sai Amurka, Ajantina, Chile, Ostareliya, Afirka ta Kudu da sauransu. A arewacin duniya ana girbi daga Agusta zuwa Oktoba, a kudanci kuma daga Fabrairu zuwa Afrilu, kuma lokutan ne baƙi suka fi yin tururuwa.

Gidan giyar inabi, a ma'anar da ake nufi a nan, ba mashaya ba ne. Wuri ne da ya haɗa gona, da wajen matsa, da rumbun ajiya, sai kuma ɗakin da ake karɓar baƙi. Ziyarar kan ɗauki awa ɗaya ko biyu. Ɗan jagora ya fara ratsawa da mutane cikin layukan inabi, ya ɗebi ƙasar ya nuna musu ko tsakuwa ce, ko laka, ko farar ƙasa. Daga nan a shiga inda manyan tankuna suke, inda yisti ke cinye sukarin da ke cikin ruwan inabi ya mayar da shi barasa. A nan ne mutane da yawa ke fara jin cewa ruwan da ke cikin baƙin inabi ma fari ne. Jan launin daga ɓawo yake fitowa, idan aka bar shi ya jiƙu a ciki kwanaki ko makonni. Sai a gangara rumbu na ƙarƙashin ƙasa, inda gangunan katako ke jere cikin sanyi. Gangar da aka saba da ita a yankin Bordeaux na Faransa tana cin lita 225, wato kwalba 300. Wasu rumbunan su kansu abin kallo ne. A ƙarƙashin birnin Reims na Faransa akwai ramukan alli da aka haƙa wasunsu tun zamanin Rumawa, a Moldoba kuma akwai rumbun Milestii Mici wanda da mota ake yawo a cikinsa saboda tsawonsa.

Duk wannan share fage ne. Inda ake nufa shi ne ɗakin ƙarshe, wanda a gefensa akwai teburin biyan kuɗi.

Me ya sa ake tofarwa?

A ɗakin ɗanɗanawa akan jera wa baƙo kala huɗu zuwa shida, a fara da fara a ƙare da ja, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, mai zaƙi a ƙarshe. Za a ce masa ya duba launin, ya jujjuya kofin don ƙamshi ya tashi, ya sa hanci, sannan ya kurɓa ya riƙe a baki. Dalilin ba wa hanci wannan matsayi shi ne harshe abubuwa kaɗan yake ganewa, kamar zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri. Mafi yawan abin da muke kira ɗanɗano a kowane abinci ƙamshi ne da ke bi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci, shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin komai. Akwai kuma bauri, wanda ke fitowa daga ɓawo da 'ya'yan ciki da katakon ganga, shi ne ke sa baki ya ji kamar ya bushe. Idan ka ji masu sana'ar na cewa suna jin ƙamshin 'ya'yan itace kaza ko fata ko hayaƙi, ba wai an zuba waɗannan abubuwa ba ne. Ƙoƙari ne na sa wa ƙamshi suna ta hanyar kwatanta shi da abin da aka sani.

Tofarwa kuwa lissafi ne. Barasar da ke cikin giyar inabi yawanci tana tsakanin kashi 11 zuwa 15 cikin ɗari, wato ta ninka ta giyar sha'ir sau biyu ko uku. Ɗan kasuwa ko alƙalin gasa da zai ɗanɗana kala hamsin a rana ɗaya ba zai kai azahar da hankalinsa ba idan yana haɗiyewa. Amma a faɗi gaskiya, yawancin 'yan yawon buɗe ido ba sa tofarwa. Idan an zuba wa mutum mililita 50 sau shida, ya sha 300 ke nan. Ya shiga gida uku a yini ɗaya, ya wuce kwalba guda mai cin 750, ba tare da ya taɓa ganin kofinsa a cike ba. Wannan ne ya sa batun tuƙi ya zama babbar damuwa a irin waɗannan yankuna masu siraran hanyoyi. A Faransa dokar tuƙi ta tsaya a rabin giram na barasa a kowace litar jini, abin da kofi biyu ke iya kai mutum. Daga nan sana'ar direbobin haya da motocin safa ta samo kasuwa, har da jirgin ƙasa na musamman a kwarin Napa na Kalifoniya da taragon da ke zagaye gonakin Franschhoek a Afirka ta Kudu.

Shin da gaske masu ɗanɗanon suna gane abin da suke faɗa? A nan na fi son a tsaya, domin amsar ce ke bayyana asirin kasuwancin gaba ɗaya. A 2001 masu bincike a Jami'ar Bordeaux sun ba ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni farar giya da aka rina ja da launin da ba shi da ƙamshi ko ɗanɗano. Ɗaliban suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. Wani mai gidan giya a Kalifoniya, Robert Hodgson, wanda masanin lissafi ne, ya shawo kan masu shirya gasar jihar suka riƙa miƙa wa alƙalai giya ɗaya sau uku ba su sani ba. Kusan ɗaya cikin goma ne kawai suka ba ta maki kusan iri ɗaya a kowane karo. A 2008 kuma wasu masana a Kalifoniya suka duba ƙwaƙwalwar mutane da na'ura yayin da suke kurɓar giya ɗaya, sau ɗaya an ce musu ta dala 10 ce, sau ɗaya an ce ta dala 90. Ba a baki kaɗai suka ce mai tsadar ta fi ba, sashen jin daɗi na ƙwaƙwalwarsu ma ya fi motsawa.

Wannan bai nuna cewa ƙwarewar ƙarya ce ba. Gwani na gane giyar da ta lalace, yana kuma iya bambance irin inabi da yankin da ya fito fiye da wanda bai koya ba. Abin da ya nuna shi ne ido da kunne suna riga baki yanke hukunci. Mutumin da aka zagaya da shi gona, aka ba shi labarin kakan mai gida, aka zaunar da shi yana kallon tuddai, ya riga ya ji daɗin abin tun kafin ya kai baki. Masu gidajen sun san haka sarai.

Yadda wuri ya zama haja

Giyar inabi tsohuwa ce. A ƙasar Jojiya an tono tuluna masu alamarta da suka kai shekara 8,000, a Armeniya kuma an gano wajen matsa a wani kogo wanda ya haura shekara 6,000. Amma tunanin cewa sunan wuri dukiya ne da doka za ta kare sabo ne idan aka kwatanta. A 1756 gwamnatin Fotugal ta shata iyakar yankin Douro da duwatsu, ta ce abin da aka noma a ciki ne kaɗai zai ɗauki sunan. A 1855, saboda baje kolin Paris, aka jera manyan gidajen Bordeaux daraja-daraja har biyar bisa farashinsu, kuma jerin na nan har yau da ɗan canji ƙalilan. Faransawa na da kalmar terroir, wadda ke nufin haɗuwar ƙasa, da yanayi, da gangaren tudu, da hannun manoman wurin, wadda suke cewa ita ke ba kowace giya halinta.

Abin da ya mayar da wannan tunani doka annoba ce. Daga shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo Turai daga Amurka ya cinye gonaki ƙasa bayan ƙasa. Maganin da aka samu shi ne auren itace: a ɗora reshen inabin Turai a kan saiwar na Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Har gobe yawancin inabin da baƙi ke ɗaukar hoto a gabansa a Turai saiwar Amurka ce ke riƙe da shi. Ƙarancin da annobar ta jawo ya buɗe ƙofar algus, aka riƙa haɗa ruwa da sukari da busasshen inabi ana sayarwa. Faransa ta kuma mayar da Aljeriya, wadda take mulka, gonar inabinta, har ƙasar da mafi yawan mutanenta ba sa sha ta zama wadda ta fi kowa fitar da giyar inabi a duniya kafin 'yancin kanta a 1962. Da gonakin Faransa suka farfaɗo sai kaya suka yi yawa, farashi ya faɗi, manoman kudancin ƙasar suka yi bore a 1907 har sojoji suka harbe mutane a Narbonne. Dokar kare sunan yanki ta 1935 daga wannan rikici ta fito. Ita ce ta sa ba a kiran giya mai kumfa Champagne sai wadda aka yi a yankin Champagne.

A shekarar nan ta 1935 ne aka buɗe hanyar yawon giya ta Jamus, mai tsawon kusan kilomita 85, wadda ake lissafawa cikin mafi tsufa a duniya. Dalilin buɗe ta bai da daɗin ji. An yi girbi mai yawa a jere, gwamnatin Nazi kuma ta matsa wa Yahudawan da ke riƙe da kaso mai yawa na dillancin, rumbuna suka cika ba mai saye. Sai aka ce tunda giyar ba ta zuwa wajen mutane, a kawo mutanen wajenta. Yankin Burgundy na Faransa ya bi sahu a 1937, Alsace, shi ma a Faransa, a 1953, Stellenbosch ta Afirka ta Kudu a 1971.

Amurkawa ne suka mayar da abin sana'a mai zaman kanta. Robert Mondavi ya gina gidansa a Napa a 1966 da niyyar karɓar baƙi tun daga zanen ginin. Sai kuma abin da ya faru a Paris a watan Mayun 1976, lokacin da wani ɗan kasuwa Bature ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa suka ɗanɗana ba tare da ganin kwalba ba, giyar Kalifoniya ta zo ta ɗaya a fara da ja. Daga nan motoci suka fara cika kwarin. UNESCO ma ta ƙara wa abin armashi da ta riƙa sa irin waɗannan wurare cikin kayan tarihin duniya: Saint-Émilion da ke yankin Bordeaux a 1999, Douro a 2001, Burgundy da Champagne a 2015.

Lissafin da ke bayan murmushin mai gida

A farkon shekarun 1960 abin da Faransa ke sha, idan aka raba wa kowane mutum, ya haura lita 100 a shekara. Yanzu yana wajen 40. Giyar da a da ake ajiyewa a teburi kullum ta koma abin buki, matasa kuma sun fi iyayensu ƙaurace mata. Kasuwar Sin, wadda Bordeaux ta dogara da ita a shekarun 2010, ta ja baya. Ga haraji: Sin ta ɗora wa giyar Ostareliya harajin da ga wasu kamfanoni ya haura kashi 200 cikin ɗari daga ƙarshen 2020 har zuwa 2024.

To ina mafita? Kwalbar da ta bi ta hannun babban dillali, da mai shigo da kaya, da mai kanti, abin da ke komawa ga wanda ya yi ta sau da yawa bai wuce rabin farashin ba. A Amurka ma doka ce ta shimfiɗa wannan tsari na hawa uku tun da aka ɗage haramcin barasa a 1933. Wadda aka sayar a ƙofar gida kuwa kuɗinta duka nasa ne. Ya kuma karɓi kuɗin ɗanɗanawa, wanda a Napa ya kan haura dala 50 a kan mutum ɗaya, wasu wuraren dala 100 ko fiye. Ya rubuta sunan baƙon a ƙungiyar abokan ciniki, a riƙa aika masa kwali sau biyu ko uku a shekara ana cire kuɗi daga katinsa. Ƙananan gidaje da yawa a Amurka fiye da rabin kuɗin shigarsu ta wannan hanya yake zuwa. Napa ba ta noma fiye da kashi 4 cikin ɗari na inabin giyar Kalifoniya, amma a 2023 ta karɓi baƙi kusan miliyan 3.7 da suka kashe dala biliyan 2.5, kuma kaso mai tsoka na kuɗin otal-otal da gidajen abinci ne suka kwashe.

Akwai kuma wata riba da ba a cika faɗa ba. Dokar Évin ta 1991 ta hana tallar barasa a talabijin a Faransa ta kuma taƙaita ta a sauran wurare. A 2016 majalisa ta yi gyara, ta ce magana a kan yanki da tarihinsa da yawon buɗe idonsa ba talla ba ce. Likitoci da ƙungiyoyin yaƙi da shaye-shaye sun yi adawa da gyaran, kuma ina ganin suna da hujja, domin hoton tudu mai kyau da kofi a hannu yana yin aikin da allon talla ba zai yi ba.

Sai dai wannan ruwa ba kowa yake jiƙawa ba. Saint-Émilion na ganin baƙi kusan miliyan ɗaya a shekara, amma 'yan kilomita kaɗan daga nan masu noman jar giya mai araha ne ke tuge gonakinsu. Manomin da ke kai inabinsa ƙungiyar gama kai ba shi da tsohon gini, ba shi da suna a kwalba, ba shi da jarin gina ɗakin baƙi da ɗaukar mai jin harsuna uku. Yawon buɗe ido na ceton wanda ya riga ya yi suna ne.

Waɗanda ba sa fitowa a hoto

Inabi mai tsada da hannu ake cire shi, a duƙe, cikin kwanaki ƙalilan kafin ya wuce nuna. A Champagne doka ce ma ta hana girbi da inji, shi ya sa ake ɗaukar 'yan ƙwadago sama da 100,000 duk shekara na mako biyu ko uku. A girbin 2023, wanda ya zo cikin tsananin zafi, aƙalla huɗu daga cikinsu sun mutu. A wannan girbi ne kuma masu bincike suka samu ma'aikata fiye da 50, yawancinsu 'yan ci-rani daga Mali da Mauritaniya da Senegal da Kwaddibuwa, an cusa su a wani gini marar tsafta, babu kuma isasshen ruwa. A Yulin 2025 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin ɗauri bisa laifin safarar mutane. Yadda abin ke faruwa shi ne mai gona ya ba ɗan kwangila aiki, shi kuma ya ba wani, kowa ya ce bai sani ba. Italiya ta tsaurara dokarta a kan irin waɗannan 'yan kamasho a 2016, bayan wata mata ta faɗi ta mutu tana aiki a gonar inabi a Puglia.

Labarin Afirka ta Kudu ya fi tsawo da ciwo. An matse inabin farko a Cape a 1659, kuma bayi ne suka gina gonakin da fararen gidajensu ke jan baƙi a yau. Bayan bauta sai aka shiga biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, ana ba su sau da yawa a yini. An haramta tsarin a farkon shekarun 1960 amma ya ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990. Abin da ya bari shi ne yankin na cikin wuraren da aka fi samun jariran da barasa ta nakasa tun suna ciki a duk duniya. A ƙarshen 2012 ma'aikatan gonakin inabi suka yi yajin aiki da ya faro daga De Doorns, wanda ya kai ga ɗaga mafi ƙarancin lada daga rand 69 zuwa 105 a rana. An samu ci gaba tun daga nan, akwai gonakin da ma'aikata ke da hannun jari, akwai baƙaƙen fata masu kamfanoninsu, amma ƙasar noman har yanzu mafi yawanta na hannun tsiraru. A ganina ɗan jagoran da ya nuna wa baƙo ƙararrawar da ake kiran bayi da ita a matsayin kayan ado, bai faɗi abin da take nufi ba, ya ci amanar aikinsa.

Maƙwabta ma na da nasu ƙorafin. Inabi na shan feshi sosai saboda cututtukan fumfuna, kuma a 2014 an samu 'yan makarantar firamare sama da ashirin da suka kamu da rashin lafiya a wani ƙauye kusa da Blaye a yankin Bordeaux bayan an yi feshi a gonakin da ke jikin makarantarsu. Ga cunkoson motoci, ga gidajen haya da suka koma masaukin baƙi har masu aikin gonar suka rasa inda za su zauna a kusa. Napa ta kafa dokar kare ƙasar noma tun 1968, a 1990 kuma ta taƙaita irin shagulgulan da gidan giya zai iya yi, don kada gona ta koma zauren biki da 'yan layukan inabi a gabansa.

Batun lafiya da na addini

Har yanzu akwai masu cewa kofi ɗaya na jar giya na gyara zuciya. Maganar ta bazu ne bayan wani shirin talabijin na Amurka a 1991 da ya danganta ƙarancin ciwon zuciya a Faransa da ita, ciniki kuma ya yi tsalle. Binciken da ya biyo baya ya gano rauni a lissafin farko, domin cikin waɗanda aka ƙirga a matsayin marasa sha akwai waɗanda ciwo ne ya sa suka daina. Tun 1988 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar, a Janairun 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi da za a kira marar haɗari. Hukumar na danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekara da barasa. Jiki bai san tsadar kwalba ko kyawun gonar da ta fito ba.

Ga Musulmi hukuncin a fili yake. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta giya, hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya haɗa da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, wani hadisin kuma ya hana zama a teburin da ake zagayawa da ita. Don haka cewa ai tofarwa ake yi ba ta zama mafita. Kiristoci sun bambanta. Cocin Katolika na amfani da ita a ibada, kuma sufayensa ne suka raya manyan gonakin Burgundy ƙarni bayan ƙarni. Wasu ɗarikun kuwa sun ƙaurace mata gaba ɗaya, har wani ɗan Metodis a Amurka, Thomas Welch, ya fito da hanyar dafa ruwan inabi don kada ya tsimu a 1869, saboda cocinsa ya samu abin amfani da shi.

Ina abin ya dosa?

Zafin duniya ya riga ya matsar da girbi gaba da mako biyu zuwa uku a yankuna da dama na Faransa idan aka kwatanta da shekara arba'in baya. Inabi na saurin tara sukari, barasar na ƙaruwa. Tsiro na fitowa da wuri sai sanyin Afrilu ya ƙona shi, kamar yadda ya faru a 2021. A Napa gobarar daji ta 2020 ta cinye gidaje, hayaƙinta kuma ya shiga ɓawon inabi har wasu ba su yi girbi ba. Bordeaux ta yarda a gwada sababbin iri shida masu jure zafi a 2021, kamfanin Taittinger na Champagne kuma ya dasa gona a Kent ta Ingila tun 2017. Taswirar da baƙi ke bi tana matsawa arewa da kan tuddai.

Ɗaya canjin shi ne baƙon da ba ya sha. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a 2025 ta nuna kashi 54 cikin ɗari na manya a Amurka ne ke shan barasa, mafi ƙanƙanta tun da aka fara tambayar a 1939. Gidajen sun lura, suna ƙara abinci, da hawan keke, da man zaitun, da wasan yara, da abin da suke kira giya marar barasa. A nan akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Ruwan inabi zalla bai taɓa tsimuwa ba. Giyar da aka cire wa barasa kuwa sai da ta zama giya cikakkiya, sannan aka zuƙe barasar da inji, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira ta haka ko da ta rage kashi 0.5 cikin ɗari. Majalisar fatawa ta Maleshiya ta ce abin da aka yi ta hanyar da ake yin giya haramun ne ko an cire barasar. Mai ciki, da wanda ya sha wahala kafin ya rabu da shaye-shaye, da wanda addininsa ya hana shi, in an miƙa musu kofi an ce babu komai a ciki, tambayar da za su yi ita ce ko abin ya taɓa tsimuwa, sannan su karanta lambar da ke jikin kwalbar da idonsu.